Rai Babu Bugun Jijiya: Famfon Frazier da Nauyin da Ya Ɗora wa Masu Imani

A watan Maris na 2011, a Cibiyar Zuciya ta Texas da ke birnin Houston na Amurka, wani magidanci mai shekara 55, Craig Lewis, yana kwance rai a hannun Allah. Wata cuta mai tara gurɓataccen furotin a gaɓoɓin jiki ta sandarar masa da zuciya, likitoci kuma sun ga da wuya ya kai gobe. Dashen wata zuciyar ba zai yi ba, domin cutar za ta bi sabuwar ta lalata kamar yadda ta yi wa ta farko. Sai likitocin tiyata biyu, O.H. Frazier da Billy Cohn, suka yi abin da sai a jikin maruƙa suka taɓa gwadawa: suka yanke ɗakunan zuciyarsa biyu masu tura jini, suka ɗinka ƙananan famfuna biyu a gurbinsu, irin masu juyawa ba tsayawa.

Cikin 'yan kwanaki Lewis ya farfaɗo. Ya tashi zaune, ya gane iyalinsa, ya yi hira da su. Matarsa ta saurari ƙirjinsa ba ta ji dukan da kowa ya sani ba, sai wani siririn gunji mara yankewa. A wuyan hannunsa babu jijiyar da ke harbawa. Na'urar da ke zana bugun zuciya kuwa layi ɗaya miƙaƙƙe take ja, layin da a kowane asibiti shi ke sa a ruga kiran likita. Ya yi kimanin mako biyar a haka, kafin cutar da ta riga ta kama hanta da ƙoda ta yi ajalinsa. Famfunan suna aikinsu lafiya lau har ƙarshe.

Tun kaka da kakanni, idan mai jinya ya yi shiru wuyan hannunsa ake kamawa, ko a kara kunne a ƙirjinsa. In ba a ji motsi ba sai a yi salati, a ja masa mayafi. Ga shi kuwa mutum yana magana yana murmushi, alhali bisa wancan ma'aunin gawa ne. Mai imani ba zai ji wannan ya wuce abinsa ba. Inji ya ƙara wa bawa kwana ke nan? Wanda aka cire wa zuciya an cire masa mazaunin imaninsa? Waɗannan tambayoyi biyun malamai sun daɗe da share hanyar amsa su. Wadda take sabuwa, mai nauyi kuma, ita ce wadda ba a cika yi ba: famfon da hannun mutum ya kunna, wa ke da ikon kashe shi, kuma a wane hali?

Daga tafin hannu zuwa farfela

An haifi Frazier a 1940 a ƙaramin garin Stephenville na jihar Texas, ya yi karatun likita a Kwalejin Baylor a ƙarƙashin shahararren likitan zuciya Michael DeBakey. Ya sha ba da labarin wani saurayi ɗan Italiya da aka yi wa tiyatar zuciya tun yana ɗalibi. Da dare zuciyar saurayin ta tsaya, aka buɗe ƙirjinsa, aka sa Frazier ya riƙa matsa ta da tafin hannu. Muddin yana matsawa jini na kai wa ƙwaƙwalwa, har saurayin ya buɗe ido ya dube shi. Da aka ga zuciyar ba za ta tashi ba aka ce ya daina, yana cire hannu saurayin ya cika. Daga ranar tunani ɗaya ya zauna masa: abin da hannu ya iya yi na ɗan lokaci, me zai hana inji ya yi shi na shekaru?

Ba shi ya fara neman hanyar ba. A 1966 DeBakey ya jona wa wata mata 'yar Meziko famfo na kwana 10 har zuciyarta ta dawo da ƙarfinta, ta koma gida. A Afrilun 1969 Denton Cooley ya sa wa Haskell Karp zuciyar roba, ta riƙe shi awa 64 kafin a samu ta ɗan Adam, wadda ita ma bai daɗe da ita ba. A ranar 2 ga Disamba 1982, a Jami'ar Utah, William DeVries ya sa wa wani likitan haƙori mai ritaya, Barney Clark, zuciyar Jarvik-7. Clark ya yi kwana 112 jone da injin hura iska da nauyinsa ya haura kilo 150, yana fama da jijjiga, haɓo da ruɗewar hankali.

Duk waɗannan na'urori kwaikwayon zuciya suke yi: su cika, su matse, su saki. Nan gizo ke saƙar. Zuciyar mutum tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, sama da sau miliyan 35 a shekara, tana gyara kanta tana cikin aiki. Roba da ƙarfe ba su da wannan baiwa. Ko famfon HeartMate na farko, wanda Frazier ya fara sa wa mutum a 1986, samfurinsa na lantarki da wuya ya wuce shekara biyu bai gaji ba.

Mafita daga bakin gona ta fito. A tsakiyar shekarun 1970 wani likita Ba'amurke, Richard Wampler, ya je aikin samar da ruwa a wani ƙauyen Masar, ya ga manoma na ɗebo ruwa da wani bututu mai murɗaɗɗen ciki, wanda in ana juya shi ruwa ke hawa sama ba yankewa. Tsohuwar dabara ce da ake jingina wa Arkimidis, masanin Girka. Wampler ya koma gida ya ƙera irinta don jini, kaurinta bai wuce na fensir ba, tana juyawa kusan sau 25,000 a minti. Masana da yawa sun ce wannan ganganci ne: farfela mai irin wannan gudu za ta daddatse ƙwayoyin jini, gaɓoɓi kuma ba za su rayu ba sai da bugu. Frazier ya gwada ta a jikin maruƙa ya ga akasin haka. A 1988 ya sa wa wani dattijo mai shekara 61 da jikinsa ke ƙin zuciyar da aka dasa masa. Famfon ya ɗauke wa zuciyar aiki na kwana biyu, ta huta, ta farfaɗo, dattijon ya bar asibiti da ƙafafunsa.

Daga nan hanya ta buɗe. Frazier na cikin na farko da suka sa famfon Jarvik 2000, shi ne kuma a Nuwamban 2003 ya fara sa sabon samfurin HeartMate II a Amurka. Yawancin masu ɗauke da irin waɗannan famfuna ba a cire musu zuciya. Ana huda ƙasan ɗakin hagu, a dasa bakin famfon, a jona ɗaya bakin da babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki. Igiyar lantarki tana fitowa ta fatar ciki zuwa wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙugu, da batir biyu a rataye gefe da gefe. Da dare mutum ya jona kansa da soket ɗin bango kafin ya kwanta. Ba ya shiga kogi ko kwamin wanka, inda igiyar ta fito kullum a rufe yake da bandeji mai tsabta, maganin tsinka jini kuma ya zame masa abokin zama. Musulmin da ke ɗauke da shi sai ya koyi hukuncin shafa a kan bandeji wajen wankan ibada. A asibiti ma awon jini na yau da kullum sau da yawa ba ya kama komai a hannunsa, sai an kawo na'urar da ke sauraren gudun jini.

Alƙaluma sun nuna abin da aka samu. Gwajin da Eric Rose na Jami'ar Columbia ya jagoranta, wanda aka buga a 2001 da sunan Frazier cikin marubutansa, ya raba marasa lafiya 129 da ba su cancanci dashe ba gida biyu. Bayan shekara ɗaya kashi 52 cikin 100 na masu tsohon famfo mai bugawa suna raye, na masu shan magani kaɗai kashi 25. Bayan shekara biyu aka koma kashi 23 da kashi 8. A 2009 famfo mai juyawa ya kai kashi 58 a shekara biyu. Gwajin HeartMate 3 kuwa, wanda farfelarsa ke lilo a kan ƙarfin maganaɗisu ba ta gogar komai, ya haɗa mutum 1,028 ƙarƙashin jagorancin Mandeep Mehra da abokan aikinsa, sakamakon 2022 kuma ya nuna kashi 58 na waɗanda aka sa wa HeartMate 3 suna raye bayan shekara biyar.

Ajali da sababi

Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai iya cewa to ai ga shi nan, ƙarfe ya ture ajali. Sahabbai sun riga kowa tattauna irin wannan. Lokacin annobar Amwas Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham, da labarin cutar ya iske shi a Sarg ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Hadisin Usama ɗan Sharik kuma ya yi umarni da neman magani, ya keɓe tsufa a matsayin abin da ba shi da shi.

Famfo sababi ne cikin sabuba, sahunsa ɗaya da allurar kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin jini. Lissafin masu bincike gaskiya ne, domin Allah ya gina duniya a kan sabuba masu aiki. Amma lissafi mutum nawa cikin ɗari yake faɗi, ba ya faɗin wane ne. Irin famfon da aka sa wa Lewis guda biyu shi aka sa wa tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney guda ɗaya a Yulin 2010. Cheney ya yi wata 20 da shi, aka dasa masa zuciya a Maris 2012 yana da shekara 71, ya ƙara fiye da shekara goma a duniya. Lewis mako biyar ya samu. Mai sauran shan ruwa ya sha, wanda kwanansa ya ƙare ya tafi famfonsa na juyawa.

Akwai ma wani darasi na ladabi a cikin labarin. Bayan an tabbatar mutum na rayuwa ba bugu, sai aka lura masu famfo mai juyawa suna yawan zubar jini a hanji, jini kuma na daskarewa a cikin injin. Masu ƙera HeartMate 3 suka sa shi yana rage gudu yana ƙarawa duk bayan daƙiƙa biyu, don ya wanke kansa. Bugun da aka ɗauka ana iya jefarwa, ga shi ana lallaɓa shi ya dawo.

Ina mazaunin imani?

Alƙur'ani ya jingina hankalta ga zukatan da ke cikin ƙiraza, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kuma ya rataya gyaruwar jiki da ɓacinsa ga tsoka guda, ya ce ita ce zuciya. To wanda tsokar tasa ke cikin kwalba a ɗakin gwaji fa?

Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bambance abu biyu a littafinsa Ihya'u. Akwai tsokar da ke gefen hagu na ƙirji, wadda dabba ma ke da ita, gawa ma ke da ita, wadda kuma ya bar wa likitoci sha'aninta. Akwai kuma wani ɓoyayyen al'amari na Ubangiji, shi ne mai sani, shi ake yi wa umarni da hani, shi za a yi wa hisabi. Yana da alaƙa da tsokar, amma shi ba tsoka ba ne. Tun kafin Gazali ma malamai sun yi saɓani kan mazaunin hankali, wasu suka ce zuciya, aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa ƙwaƙwalwa ce. Ruhi kuwa Suratul Isra'i ta sanar cewa al'amarin Ubangiji ne, ilimin da aka bai wa mutum a kansa kaɗan ne.

Ɗakin tiyata bai ƙaryata wannan fahimta ba. A Disamban 1967 Christiaan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciyar wata budurwa mai shekara 25 a birnin Cape Town, ya yi kwana 18 yana nan Washkansky ɗinsa. Wata guda bayan haka, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, aka sa wa Bature Philip Blaiberg zuciyar Clive Haupt, mutumin da doka ta hana shi zama unguwa ɗaya da shi, ta riƙe shi wata 19. Yau dubban mutane ake yi wa dashe kowace shekara, ba a kuma san dashe da sauya wa mutum aƙida ba.

Duk da haka bai kamata a yi gaggawar rufe babin ba. Peter Houghton, wani mai ba da shawara ga masu jinyar ajali a Ingila, likita Stephen Westaby ya sa masa Jarvik 2000 a Oxford a Yunin 2000. Ya yi sama da shekara bakwai da shi, ya yi tattaki na tara kuɗin taimako, ya zaga ƙasashe. Amma ya fito fili ya ce tausayi da shauƙi sun ragu a ransa, har ga na kusa da shi. Tsokar zuciyarsa tana nan a ƙirjinsa ba a cire ba, saboda haka ba za a ce rashinta ne ya jawo ba. Abin da labarinsa ke nunawa shi ne wanda ya san rayuwarsa na rataye da batir yana ɗauke da kayan da awon jini ba ya gani. Likita ya gyara gudun jini, amma mai jinya na nan da buƙatar mai zama kusa da shi, mai saurarensa, mai tuna masa Allah.

Makullin Barney Clark

Lokacin da aka yi wa Clark tiyata, Willem Kolff, shugaban shirin zuciyar roba a Utah, ya shaida wa manema labarai cewa akwai makullin kashe injin, mai jinyar kuma na da damar amfani da shi idan rayuwa ta zame masa azaba. Maganar ta tayar da ƙura. Clark bai taɓa murɗa makullin ba, ko da yake a lokutan tsanani ya roƙi a ƙyale shi ya mutu. Tun daga ranar makullin bai bar hannun ɗan Adam ba.

Domin famfo bai san mutuwa ba. Ƙwaƙwalwa na iya mutuwa, ƙoda da hanta su tsaya, shi yana ta juyawa muddin akwai wuta. Dole wani ya miƙa hannu. Binciken da Paul Mueller da abokansa na asibitin Mayo suka buga a 2010 ya duba mutum 68 masu famfo, ya tarar an nemi a kashe na 14 daga cikinsu, akasari bisa roƙon iyali, dukkansu kuma sun rasu cikin yini guda da kashewar. Matsayin waɗannan likitoci shi ne kashe famfo janye magani ne, ciwon zuciyar asali ne ke kashe mutum, kuma mai hankali na da haƙƙin ƙin kowane magani.

Majalisun fiƙihu sun taɓo gefen batun. A Oktoban 1986, a birnin Amman, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar cewa ana hukunta mutuwa idan zuciya da numfashi sun tsaya tsayawar da ba dawowa, ko kuma dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa sun lalace bisa shaidar ƙwararru, a nan kuma ya halatta a cire na'urori. A 1987 majalisar Rabiɗa da ke Makka ta yarda a cire na'urori idan likitoci uku sun tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, amma ta ce ba a hukunta mutuwa a shari'a sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Bambancin ba na baki ba ne kawai. Daga wannan lokacin mace ke fara ƙirga takabarta ta wata huɗu da kwana goma, da shi kuma ake sanin wa ya gaji wa.

Sai dai dukkan hukunce-hukuncen biyu wanda ba ya cikin hayyacinsa suke kallo. Mai famfo kan kasance a farke, yana iya sallamar 'ya'yansa da bakinsa kafin a taɓa maɓalli. A nan ƙa'idar da majalisar farko ta shimfiɗa a Jidda a 1992 ta fi haskaka hanya. Ta ce neman magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka, mustahabbi ne idan rauni kawai zai jawo, makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi cutar, ta kuma sharɗanta izinin mai jinya idan yana da hankalinsa.

Idan aka ɗora famfo a kan wannan ma'auni, halaye uku ne ke fitowa, kuma kuskure ne a cakuɗa su. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, majalisun biyu sun haɗu a kan halaccin cire masa na'ura. Wanda gaɓoɓinsa suka gaza ɗaya bayan ɗaya, amintattun likitoci suka shaida famfon ba ya ƙara masa komai sai tsawon gargara, maganin ya daina zama magani, kuma tilasta wa iyali su ci gaba da shi ba taƙawa ba ce. Na uku shi ne wanda famfonsa ke aiki, jikinsa na ɗauka, amma rai ya gaji ko baƙin ciki ya danne shi. A nan ra'ayin likitocin Mayo bai ishi Musulmi ba, domin shi rai amana ne a hannunsa, ba dukiyarsa ba ce da zai yi kyauta da ita. Irin wannan a rage masa raɗaɗi, a yi maganin damuwarsa, a sauke wa iyalinsa nauyin jinya. Kiristoci ma suna da makamancin wannan rabe-rabe tun jawabin Fafaroma Pius na 12 a 1957, wanda ya bambanta kulawar da ta wajaba da wadda nauyinta ya wuce kima.

Saboda haka lokacin zaɓi na gaskiya kafin tiyata ne. Dattijon da aka zayyana masa zubar jini, shanyewar ɓarin jiki da ciwon bakin igiya, ya ce shi ya haƙura ya ƙarasa kwanakinsa a gida, bai yi laifi ba. Ibn Abbas ya ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya da aka bai wa zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, aka yi mata bushara da Aljanna.

Da me za a auna mai bincike?

Jami'o'i suna auna malami da yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka ambace su. Ta wannan fuskar Frazier ba shi da haushi: ɗaruruwan maƙalu, dashen zuciya sama da 1,000, da hannu a kusan kowane famfo mai juyawa da ya yi suna. Shi da Cohn suka rungumi injiniya ɗan Ostireliya Daniel Timms, wanda ya fara haɗa samfurin zuciyarsa da mahaifinsa, mai gyaran famfon ruwa da ciwon zuciya ya kama. A Yulin 2024 aka fara sa wa mutum zuciyar roba ta Timms, BiVACOR, a Houston, a 2025 kuma wani mutum a Sydney ya haura kwana 100 da ita, har ya fita asibiti kafin a samu ta dashe.

Addini yana da wani mizanin. Hadisin Abu Huraira ya lissafa ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwan da ba sa yankewa bayan mutuwa. Sakamakon lahira na Allah ne, amma amfani a duniya kowa na iya duba shi, kuma ba a duba shi ba tare da an ƙirga waɗanda suka biya farashi ba. Karp da Clark jikinsu aka yi karatu a kai. Cooley ya sa zuciyar 1969 ba da izinin DeBakey ba, gabar da ta biyo baya sai a 2007 aka sasanta ta. A Yunin 2021 kamfanin Medtronic ya janye famfon HVAD daga kasuwa saboda yawan shanyewar jiki da kuma ƙin tashi bayan ya tsaya. Frazier kansa a 2018 jaridar Houston Chronicle da kafar ProPublica sun buga zargin saɓa ƙa'idojin bincike a shirinsa, ya musanta, ya kai su kotu. Ilimi mai amfani ba ya rabuwa da amana: a gaya wa mai jinya gaskiya, a buga mummunan sakamako kamar yadda ake buga mai kyau. Rose da abokansa da suka rubuta cewa kashi 23 kaɗai suka kai shekara biyu sun yi wa ilimi hidimar da ba ta gaza ta ƙera injin ba.

Mizanin kuma yana tambayar wa amfanin ya kai wa. Sa famfo ɗaya a Amurka yana cin sama da dala 100,000, ana kuma shawartar mai shi ya sanar da kamfanin lantarki don a fifita gidansa in an ɗauke wuta. A ƙasar Hausa gazawar zuciya ba baƙuwa ba ce. Tun a shekarun 1970 Davidson da Parry suka bi diddigin mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka yi zargin kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. Daga baya bincike a Yamai ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata. Rajistar da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wadda aka buga sakamakonta a 2020, ta nuna cutar ta fi ƙamari a Arewa maso Yamma, ta kuma danganta ta da rama, rashin ilimin boko da hawan jinin masu juna biyu. Ga mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, wannan binciken ya fi farfelar Houston kusa da ceton ranta. Gazali ya sa likitanci cikin farillan da in wasu sun yi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi, binciken cututtukan gida kuwa cikinsa yake.

Tambayar makulli ma ta riga ta iso. A ɗakunan kulawa ta musamman na Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai, iyalai na tsayawa kan na'urar numfashi da ta wankin ƙoda suna tambayar ko cirewa kisa ne, masu hali kuma na zuwa Indiya, Masar da Jamus neman maganin zuciya. Ya kamata malaman fiƙihu da likitocin zuciya su zauna tare, likita ya bayyana yadda na'urar ke aiki, malami ya fitar da hukunci, a rubuta shi da Hausa a kai asibitoci. Duk wanda kuma aka miƙo masa takardar amincewa da irin wannan tiyata, don kansa ko don mahaifinsa, ya tambayi likita tun kafin ya sa hannu a wane hali za a kashe na'urar da wanda zai yanke hukuncin, sannan a rubuta amsar mai jinyar a gaban shaidu biyu.